Fedar da ke taso da sauti a hankali: wacce ta dace da jitar bas?

Duk tsirkiyar da aka ja da yatsa, da ƙarfi take fara magana, sannan sautin ya riƙa raguwa har ya mutu. Aikin wannan feda, wato ƙaramar na'urar da ake jona wa jita ana taka ta da ƙafa, shi ne ta juya lamarin. Tana yanke kan bugun, sautin ya taso daga shiru ya cika a hankali, kamar yadda mai goge ke jan izgarsa. A waƙoƙin yabo masu sanyi a majami'a, ko a situdiyo idan ana son shimfiɗa mai laushi a ƙarƙashin muryar mawaƙi, ba abin da ya kai wannan daɗi. Masu ƙaramar jita kan yi shi da ɗan ƙaramin yatsa, suna murɗa maɓallin ƙara. Mai bas kuwa yatsunsa suna bakin aiki, maɓallin kuma ya yi masa nisa, shi ya sa yake neman na'urar da za ta yi masa da kanta.

Kusan duk waɗannan fedoji jikokin guda ɗaya ne, wato Boss SG-1 Slow Gear, wadda kamfanin Boss na Japan ya fitar a 1979 ya daina ƙerawa a 1982. Maɓallai biyu gare ta, Sens da Attack. Na farko yana faɗa mata ƙarfin bugun da za ta ji ta tashi, na biyu kuma tsawon lokacin da sautin zai ɗauka kafin ya cika. Amma ga inda gizo ke saƙa: ba ta sake shirin sabon tashi sai sautin da ya gabata ya sauka ƙasa da wani mizani. A ƙaramar jita hakan na faruwa da wuri. A bas kuwa tsirkiyar E tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, ta B a bas mai tsirkiya biyar kusan sau 31, kuma dukansu masu dogon numfashi ne. Ka buga na biyu na farko bai mutu ba, sai fedar ta ɗauka har yanzu bugu ɗaya ne, ta bar sabon ya wuce da kansa a tsaye. Idan bas ɗinka mai batir ne a ciki, abin ya fi muni, domin ƙarfin da yake turawa ya fi na wanda ba shi da batir.

Wannan ne ya taɓa ƙona ni. Wata ƙaramar feda mai arha ta yi mini kyau a ɗaki, amma ranar da ake waƙa mai sanyi jama'a sun yi tsit, sai ta riƙa taso da bugu ɗaya ta saki na gaba da ƙara kamar an ƙwanƙwasa ƙofa. Mai jan waƙar har sai da ya waiwayo. Tun daga nan ban damu da kyan fenti ko yawan maɓallai ba. Tambayata ɗaya ce: tana kama kowane bugu a tsirkiyar ƙasa, ko da wanda ya gabata yana ci gaba da amo?

Wadda ta amsa mini ita ce Attack Decay ta kamfanin Electro-Harmonix na birnin Niyok, sabuwar da suka fitar a 2019, ba tsohuwar farkon shekarun 1980 ba. Tana da ɗan maɓalli da aka rubuta wa Poly, kuma don shi kaɗai ma zan iya sayenta. Idan ka danna shi, kowane bugu yana samun nasa tashin daban. Ka bar E tana amo ka taɓa G a sama, sai G ɗin ta taso a hankali ba tare da ta taɓa E ba. Ba sai ka riƙa danne tsirkiya da tafin hannu tsakanin bugu da bugu kana yi wa na'ura hidima ba, kiɗanka kawai za ka yi. Wanda ya sha fama da masu maɓalli biyu, ranar da ya fara taka wannan zai ji kamar an sauke masa kaya.

Sannan akwai Blend, wanda ke haɗa asalin sautin bas ɗinka da wanda aka sarrafa. Ga mai bas wannan ba ado ba ne. Kai ne ƙasan waƙar, idan kan bugunka ya ɓace gaba ɗaya mai ganga zai rasa abokin tafiya. Ni nakan bar ɗan asalin sautin kaɗan, yadda ƙungiya za ta san inda nake, sauran kuma ya taso a bayansa. Maɓallin Decay yana yin akasin Attack, yana gajarta wutsiyar sauti, har ka samu gajeren bugu mai kama da na kibod. Tana ajiye saiti uku, wanda ya ishe ni: tashi mai sauri, matsakaici, da mai tsawo na buɗe waƙa. Tana da ramuka biyu na fita da dawowa, inda za ka saka wata fedar a tsakiya. Tana jin bugunka tsantsa kafin ya shiga waccan fedar, don haka ƙazantar sautin ba ta ruɗa ta. Akwai kuma mai kaurara sauti a cikinta da suka kira Harmonix, ni dai ba kasafai nake kunna shi ba.

Tana da nata halin. A Poly, idan ka kasa kunne kai kaɗai a ɗaki, za ka ji ɗan rawar murya irin ta na'urar dijital a sautukan can ƙasa. Cikin ƙungiya ba ya fitowa, kuma da ka sa mata ɗan amsa-kuwwa a bayanta ya ɓace. Tana da ɗan faɗi a kan allo, kuɗinta ma ba na wasa ba ne. Akwai ƙanwarta Pico Attack Decay ga wanda wuri ya yi wa kaɗan, sai dai an rage mata abubuwa da yawa, ciki har da ramukan nan biyu.

Sauran fa? Mooer Slow Engine da TC Electronic Crescendo duk tsarin Slow Gear ne, maɓalli biyu, arha, kuma sai ka iya danne tsirkiya da kyau za su bi ka. Behringer SM200 haka take, ga jikin roba. POG2 ta Electro-Harmonix tana tashi da kyau ƙwarai, amma asalin aikinta ƙara sautin sama da na ƙasa ne, za ka biya kuɗin abin da ba ka nema ba. Idan kuɗi ya yi kaɗan, Zoom MS-60B tana da Slow Attack a cikin tarin abubuwanta, kuma don bas aka yi ta. Ita zan ce ɗalibi ya fara da ita. Mai HX Stomp na kamfanin Line 6, na'urar da ta tara aikin fedoji da yawa, ya duba ciki, akwai Autoswell, kada ya sayi komai. Fedar ƙara ta ƙafa irin Ernie Ball VP Jr ba ta taɓa kuskure bugu, tunda ƙafarka ce ke yi, amma za ka tsaya da ƙafa ɗaya har waƙa ta ƙare. Idan ita ka zaɓa, samfurin 250K na bas marar batir ne, samfurin 25K na mai batir.

Yanzu maganar da ta fi cina rai, wato 'yan damfara. SG-1 ta asali ba ta daɗe a kasuwa ba, shi ya sa masu tara tsofaffin kaya ke sayenta da ɗaruruwan daloli. To idan wani ya turo maka hoto a WhatsApp ko ya saka a Facebook cewa yana da ita tokumbo a kuɗin cefane, ka san akwai lauje cikin naɗi. Gangar jiki ba ta da wuyar fentawa baƙi, kuma saka cikin wata feda mai arha a tsohon akwati aikin yini ɗaya ne ga mai gyaran rediyo. Ka ce ya kwance ƙasan ya ɗauki hoton cikinta da rana, ya haɗa da takarda mai sunanka da kwanan wata a gefe. Wanda ya fara cewa batir ɗin wayarsa ya mutu, ko wani na hanya da kuɗi a hannu, ka rabu da shi. Ko ta gaske ce ma, ba ita ce maganin mai bas ba, tunda matsalar da na faɗa a sama daga gare ta aka gada.

Bidiyon gwaji ma ana ha'inci da shi. Mai sayarwa zai ɗauka da ƙaramar jita, ko ya buga tsirkiyar sama ta bas ɗaya-ɗaya yana dannewa, komai ya fito sumul. Ka ce ya buga E a sake sau huɗu a jere ba tare da ya danne ba, sannan ya haɗa tsirkiya biyu. Nan ne ake gane ta ƙwarai. Ƙananan fedojin nan kuma masu sunaye barkatai da ke cika shagunan intanet, da yawansu cikinsu ɗaya ne, suna da fenti kawai aka sauya, kada a ninka maka kuɗi don an ce sabuwar fitowa ce. Kada ka biya duka kafin kaya su iso tasha, kuma in da hali ka aiki wanda ya san kiɗa ya je da bas ya gwada a gaban mai shago, ko a Alaba ta Legas ne ko a Jos.

Sai adafta, wadda ta kashe fedoji fiye da yadda 'yan damfara suka sayar da jabu. Waɗannan fedoji wutar 9V suke ci, kuma tsakiyar bakin adaftarsu mai alamar ɗebewa ce. Yawancin adaftocin dikoda da na'urar intanet da ke kasuwa akasin haka suke, ga shi wasu 12V ne, bakin kuma yana shiga daidai, shi ya sa mai shago zai ce maka ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ka duba ɗan zanen da ke jikin adaftar da idonka. Wadda ta zo daga Amurka kuma ka karanta ko ta 120V ce kaɗai, domin wutarmu a Najeriya da Nijar ta haura 200V, da ka soka ta a soket ta tafi. Adafta marar kyau a kan janareta tana kawo gurnani, fedar ta ɗauki gurnanin a matsayin bugu, ta ƙi sauka, kai kuma ka zargi fedar. Ka sa fedar a farkon layin fedojinka, bayan na'urar saita tsirkiya, kafin kwamfuresa mai daidaita ƙarfin sauti da masu amsa-kuwwa, sannan ka saita Sens da irin ƙarfin da kake bugawa a dandali, ba na ɗaki ba.