Top Silinda: A Saya Tokumbo Ko A Goge Na Gida?

Mai son injinsa ya ƙara ja a hanyar Bauchi zuwa Jos, inda hawa ke gwada mota, sai ya zaɓa: ya sayo top silinda (wato murfin saman injin, inda bawul-bawul masu shigar da iska da fitar da hayaƙi suke) tokumbo daga kasuwar Ladipo a Legas ko ta Ƙofar Ruwa a Kano, ko ya kai nasa wurin masu gogewa.

Tokumbo ya fi saurin samuwa, amma sayen kifi ne a ruwa. Tsagar da ke tsakanin bawul ba kasafai ido ke ganinta ba, sai an matsa masa ruwa an gwada.

Ni na fi karkata ga gugar na gida, muddin bai tsage ba. An san tarihinsa. Top silinda na alminiyam yana lanƙwashewa idan injin ya yi zafi fiye da kima. A Corolla mai injin 1ZZ, lanƙwasar da ta wuce milimita 0.05 ta zarce ƙa'idar Toyota. Gogewa tana daidaita fuskar, tana ƙara matsi, ƙarfi ya ɗan ƙaru. Sai dai in aka ci da yawa, injin zai riƙa ƙwanƙwasa da fetur ɗinmu, lokacin buɗewar bawul ma ya goce. Kuma sabon gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin top silinda da jikin injin, dole ne.