X-ray ko cryo-EM: wanne ya fi nuna siffar furotin masu kama haske?

Malam, ka tambaya wace hanya ta fi wajen gano siffar furotin da bakteriya masu launin shunayya ke kama hasken rana da su. A ganina, girman abin da kake nema ne zai raba gardama.

Wahalar farko ɗaya ce. Furotin ɗin nan a cikin kitsen tantanin ƙwayar halitta suke zaune, ba sa shiri da ruwa. Sai an ciro su da wani sabulu na ɗakin gwaji, in kuma sabulun ya cika ƙarfi ya wargaza su.

A X-ray dole furotin ya zama kiristal, wato miliyoyinsu su jeru iri ɗaya kamar bulo a gini. Nan ake shan wuya, wani sa'in har shekaru. Hartmut Michel ya samu kiristal na cibiyar sarrafa haske, wato furotin da ke karɓar makamashin hasken da aka kama, a 1982, shi da Deisenhofer da Huber suka fitar da siffarta a Jamus a 1985, suka ci kyautar Nobel a 1988. Da wannan hanya masana a Glasgow suka gano siffar LH2, ɗaya daga cikin furotin masu kama haske, a 1995: zobe ne mai gaɓa 9, ɗauke da ƙwayoyin launi irin na kulorofil 27. Guda 18 a matse suke, suna kama haske a nanomita 850 (ma'aunin tsawon zangon haske), sauran 9 da tazara tsakaninsu, suna kama na 800. Matsewar nan ce ke sa makamashi ya bi zoben da sauri kafin ya salwanta.

Cryo-EM kuwa ba ruwanta da kiristal. Ana tsoma samfurin cikin iskar gas ta ethane da aka mayar ruwa mai tsananin sanyi ya daskare nan take, a ɗauki hotunan dubban furotin da madubin elektron kowanne da yadda ya kwanta, kwamfuta ta harhaɗa su. Da ita aka ga zoben LH1, wani furotin mai kama haske, na bakteriyar Blastochloris viridis a Sheffield a 2018, gaɓa 17 kewaye da cibiyar, yana kama haske a nanomita 1015, wanda ido ba ya gani.

In babban haɗi ne mai yawan sassa, ko mai ƙin zama kiristal, je ka ga cryo-EM. Amma kada a raina X-ray: a 2018 ɗin ta nuna LH1 na bakteriyar Thermochromatium tepidum dalla-dalla, har da mazaunin kalsiyam da ƙwayoyin ruwa. Kuma kowacce da tsadarta, cryo-EM na'urar elektron mai ɗan karen kuɗi, X-ray kuwa jiran layi a tashar sinkuroturon, wato babbar na'urar da ke samar da hasken X-ray mai ƙarfi.