Fitilar da ake nutsawa cikin silin ko mai ratayawa: wacce ta fi dacewa da gida a Maradi?

Hajiya, kin ce an gama maku silin na farar ƙasa a sabon gidanku na unguwar Ali Ɗan Sofo, mai aikin wuta yana so ya nutsa faifan LED a ciki, ke kuma hankalinki ya fi kwanciya da fitila mai ratayawa, mai ƙwai uku ko huɗu. Allah ya sanya albarka a gidan. Ni shawarata, kafin ki duba kyau, ki tambayi yadda za a gyara kowace ranar da ta mutu.

Faifan da ake nutsawa yana baza haske daidai ko'ina, ba ya tara ƙurar hunturu, kuma ba ya rage tsawon ɗaki. Matsalarsa zafi. Tsakanin kwano da silin, a watan Afrilu da Mayu da zafin gari ke haura digiri 40, wurin kamar tanda yake, kuma a nan ƙaramin akwatin da ke daidaita wa faifan wuta yake zaune. Sau da yawa shi ne ke fara ƙonewa, faifan na nan lafiya lau. In akwatin a ware yake, shi kaɗai za a sauya. In kuwa a haɗe suke, sai an cire duka, an nemo wani mai faɗin da ya yi daidai da ramin da aka huda, wanda ba lallai a same shi a babbar kasuwa bayan shekara biyu ba.

Mai ratayawa kuwa, ƙwai ya mutu, a hau kujera a sauya, shi ke nan. Har ƙwai mai caji za ki iya sa mata ɗaya, ya ci gaba da haske in an ɗauke kuran. Sai dai ki lura da mazaunin ƙwan: akwai na murɗawa, E27, akwai mai ƙusa biyu, B22, wanda ya yawaita a kayan da ke shigowa daga Kano da Katsina. Laifinta ƙura, da kuma fanka. In fitila tana sama da fikafikan fanka, inuwa za ta riƙa gilmawa a ɗaki har ido ya gaji, balle ga yaran da ke karatu da dare. Wannan ya shafi faifan ma, don haka a nisanta shi da inda fikafikan ke zagayawa.

Wajen cin wuta duk ɗaya ne in LED ne: ƙwai mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Ki duba kwali, wanda aka rubuta 85 zuwa 265V ya fi jure wa wuta in ta yi ƙasa. Wajen launin haske kuwa, fari tas, mai lamba 6500K, ya dace da madafa. Mai ɗan ruwan ɗorawa, 3000K, ya fi daɗin ido a ɗakin kwana, kuma ƙwarin damina ba su cika yi masa rubdugu ba.

Da ni ce, falo zan sa faifai huɗu a kusurwoyi, masu akwati a ware, in sayi ƙarin faifai biyu in ajiye tun yanzu. Ɗakunan kwana da zaure kuwa mazaunin ƙwai kawai, E27 duka, don ƙwai iri ɗaya ya shiga ko'ina a gidan.