Haskell ko Elixir: wanne mai Python zai fara kamawa?

Malam, ka ce ka iya Python, kana so ka shiga salon fankshin, amma ka rasa wanda za ka kama tsakanin Haskell da Elixir. Abu biyu suka haɗa su: bayanai ba sa canzawa bayan an ƙirƙire su, kuma maimakon madauki mai ƙirga ɗaya-ɗaya, sai dai fankshin ya kira kansa ko a yi aiki da `map`. Daga nan kowa ya kama gabansa.

Wajen girkawa Elixir ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. `mix new` ya buɗe maka aiki, `mix deps.get` ya ɗauko laburare daga Hex, ma'ajiyar laburaren Elixir, `mix test` ya gwada, `iex -S mix` ya ba ka wurin taɓa kodinka kai tsaye. Abin lura kawai shi ne sigar Elixir ta dace da ta Erlang/OTP, wato yare da injin da aka gina Elixir a kansu. A Haskell kuwa da GHCup ake farawa, shi zai kawo GHC (mai harhaɗa kodin Haskell) da cabal (mai kula da aiki da laburare) da HLS (mai nuna kuskure a cikin edita). Ka tanadi gigabait da dama, da haƙuri, don harhaɗa laburare karon farko yana cin lokaci. Idan editarka ta yi gum ba ta nuna kuskure, yawanci sigar HLS ce ba ta tafi da ta GHC ba. Cabal ko Stack, kishiyarsa wajen wannan aiki? Ɗauki ɗaya, kada ka gwama su a aiki guda.

Babban bambancin yana wurin kuskure. Haskell, wanda ya fito a 1990, yana tsare ka tun a bakin ƙofa: abin da zai iya zama babu, `Maybe` ne, kuma GHC ba zai bari ka yi amfani da shi kamar lamba ba sai ka warware shi. Duk fankshin da zai karanta fayil sai `IO` ya bayyana a nau'insa. Elixir, wanda José Valim ɗan Brazil ya fitar da sigarsa ta 1.0 a 2014, ya gaji tunanin Erlang na kamfanin Ericsson: a bar abu ya faɗi. Shirin yana rabuwa zuwa dubban ƙananan ma'aikata, kowa da memorinsa, idan ɗaya ya mutu `Supervisor` ya tashe shi sabo.

Kowanne da ramin da sabon shiga yake faɗawa. Na Haskell ragwanci ne: ba ya lissafi sai an buƙaci amsa. Ka tara lambobi miliyan 10 da `foldl` a cikin GHCi, wurin gwada kodin Haskell kai tsaye, zai yi ta jibge alkawarin lissafi har memori ya kumbura. Maganin `foldl'` ne daga `Data.List`, wanda yake lissafa kowane mataki nan take. Haka `String` jerin haruffa ne ɗaya bayan ɗaya, ga nauyi ga jinkiri. Aikin gaske da `Text` ake yinsa. Monad, tsarin jera matakai irin na `Maybe` da `IO`, da ake ta tsorata mutane da shi bai kai waɗannan ba, rubuta `Maybe` da `IO` da hannunka ya fi karanta bayani goma.

A Elixir, atam, wato sunaye tsayayyu irin `:ok`, ba a share su daga memori, kuma iyakarsu ta asali 1,048,576 ce. Idan ka ɗora `String.to_atom` kan abin da masu amfani ke turowa, wata rana injin Erlang gaba ɗaya zai tsaya; `String.to_existing_atom` ake sawa. `GenServer` kuma, ma'aikacin da ke riƙe bayanai yana amsa saƙonni, saƙo ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, don haka idan ka tura komai ta kansa layi zai taru, mai kira ya faɗi bayan daƙiƙa 5. Lissafi mai nauyi ma ba gonar Elixir ba ce.

A ganina, idan sabar kake so ka gina, ta hira ko shafi mai jama'a da yawa lokaci guda, kama Elixir da Phoenix (na gina shafi) da Ecto (na magana da rumbun bayanai). Discord ma da Elixir suke aiki. Idan kuwa salon kansa kake so ya zauna maka, ko za ka rubuta abin da ke fassara ko bincika rubutu irin Pandoc da ShellCheck, Haskell ne, domin shi ba zai bari ka rubuta Python da wasu haruffa ba. In shi ka zaɓa, kunna gargaɗin GHC na `-Wall` tun ranar farko, shi zai nuna maka yanayin da ka manta ba ka rufe ba.