Madarunfa ko Gadabeji: amsa ga ɗan'uwan da ba shi da mota

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Tsakanin wurare biyun da ka ambata don yawon ƙafa, wato tafkin Madarunfa da gandun dajin Gadabeji, ka tafi Madarunfa. Na taka su duka biyun, kuma ni ma motar haya ce ƙafata kamar yadda take a gare ka, saboda haka abin da zan gaya maka ba labarin "an ce" ba ne.

Madarunfa tana kudu da Maraɗi, tazarar kilomita 25 ko kusa da haka, kuma kwalta ce har cikin gari. Motocin da ke bin hanyar ba su san agogo ba, cika ce ke tayar da su, shi ya sa wanda ya isa tasha da ya idar da sallar asuba yakan riga wanda ya tsaya karin kumallo da sa'o'i biyu, ko da yake rabin sa'a ce kawai ta raba fitowarsu daga gida. Da direba ya sauke ka ba ka bukatar ɗan kabu-kabu, domin garin a bakin ruwan yake zaune. Ka tambayi duk wanda ka gani da kwaryar kifi, zai nuna maka hanya da hannu. Wannan kaɗai ya isa ya yanke hukunci ga wanda ba shi da abin hawa na kansa, domin inda mota ta tsaya nan yawon yake farawa.

Zuwana na farko a watan Disamba ne, ni da babban ɗana, lokacin yana da shekara goma sha biyu. Mun iso bakin ruwa hazo bai gama tashi ba, har ba a iya rarrabe inda tafki ya ƙare da inda sama ta fara, sai kukan kirinjijiya da muke ji daga cikin ciyawa ba tare da mun gan su ba. Muna cikin tafiya wani jirgin masunta ya turo, sai suka tashi gaba ɗaya suka bi ta bisa kawunanmu, yaron ya daskare da gorar ruwa a hannu, bakinsa a buɗe. A gindin wani gawo muka tarar da dattijo yana ɗinkin koma, ya maƙale bakin zaren a babban ɗan yatsan ƙafarsa, hannuwansa na aiki idonsa na kanmu. Bayan mun gaisa ya dubi takalmana, ya dubi fuskata, ya ce: "Malam, in ka bi ta nan da waɗannan, sai dai ka bar wa laka su." Ya zana mana taswirar tafkin a ƙasa da tsinke, ya nuna inda ruwa bai gama janyewa ba da inda za mu zaga ta cikin gonaki, sa'annan ya kira jikansa ya tsallakar da mu wani mashigi a jirgi. Da na miƙa masa ɗan abin goro sai ya mayar mini da hannuna, ya ce in saya wa yaro kifi. Haka kuwa aka yi: da azahar muka zauna wurin wata mata mai suya, muka ci karfasa da yajin ƙuli-ƙuli, mai zafin da sai da muka riƙa jujjuya ta tsakanin yatsu. Yaron nan yanzu ya yi gemu, amma har gobe in aka soya kifi a gida sai ya ce bai kai na ranar ba.

Tun daga lokacin kusan kowace shekara nakan koma, kuma ban taɓa bin sawu ɗaya sau biyu ba, saboda tafkin ba ya zama da girma ɗaya. Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi ne ke ba shi ruwa, kuma idan damina ta yi kyau yakan kai kusan hekta 800, sa'annan ya yi ta ja da baya har bazara. Tsofaffin wurin za su gaya maka cewa tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a Najeriya, Gulbin Maraɗi bai ƙara zuwa da ƙarfinsa na da ba, ga kuma yashi da ke cike gindin tafkin sannu a hankali. Abin da wannan yake nufi ga mai tafiyar ƙafa shi ne, a watan Oktoba da farkon Nuwamba hanyoyin bakin ruwa suna nutse, dole ka yi ta zagaye mai nisa. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa ƙasa ta bushe, iska na da sanyi, tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai suna nan, wannan ne lokacinka. Daga Maris zuwa Mayu kada ka gwada, kai ma ka san ranar Afrilu a ƙasar nan. Ni da tsayawa da gaishe-gaishe da hutun cin abinci, zagayen yakan ci mini sa'a huɗu zuwa biyar, amma ba dole ba ne ka zagaye. Kana iya bin gaɓa ɗaya har ƙauyen da ke gaba, ka sha ruwa, ka juyo.

Ba ruwa da tsuntsaye kaɗai ke wurin ba. A kewayen tafkin ne kaburburan waliyyai 99 suke, waɗanda mutane ke zuwa ziyara daga nesa, har daga ƙetaren iyaka. Ba zan shiga muhawarar malamai kan ziyarar ba, domin na san a zauren nan akwai masu ra'ayi iri biyu. Abin da zan ce kawai shi ne idan ka zo wucewa ka rage murya, kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoton wanda ke addu'a. Tafkin da kaburburan da gandun dajin da ke kusa da su, Nijar ta sa su tun 2006 cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, kuma a 2019 aka shigar da tafkin cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi. Na faɗi wannan ne don ka san ba kududdufi nake tura ka ba. A hanya kuma ka dubi gonaki ta tagar mota, ka ga yadda gawo da sauran itatuwa suka tsaya a tsakiyar karan gero. Wannan shi ne sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma maimakon a sare shi, dabarar da ta samo tushe a jihar nan tamu ta Maraɗi cikin shekarun 1980, yau kuma ƙasashe da yawa suke kwaikwayo. Gawo yana kakkaɓe ganyensa da damina ya yi kore da rani, don haka a daidai lokacin da na ce ka je ne inuwarsa take cika.

Gadabeji kuwa, ba zan hana shi haƙƙinsa ba: wuri ne mai girma da daraja, an keɓe shi tun 1955, faɗinsa hekta 76,000, kuma a Nuwamban 2018 an kawo masa raƙuman dawa takwas daga yankin Kure da ke kusa da Yamai, bayan shekaru masu yawa da ɓacewarsu a Gadabeji, daga baya aka ƙaro wasu. Amma ba wurin motar haya ba ne. Mota za ta kai ka Dakoro, fiye da kilomita ɗari arewa da Maraɗi, daga nan sai rairayi, sai motocin da ke bin ranakun kasuwa suna ɗaukar mutum bisa buhu, kuma shiga gandun sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Ka auna da kanka: dabbobi ƴan ƙalilan cikin hekta 76,000, kai kuma kana tafe a ƙasa da gorar ruwa ɗaya. Ni abin da na dawo da shi daga can ƙarangiya ce cike da ƙafar wando, da na yi kwana biyu ina cirewa.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma zan faɗa, domin can ɗin nan ne aka ci kuɗina. Wani saurayi mai fara'a ya same ni a nan cikin garin Maraɗi da waya cike da hotunan raƙuman dawa, ya ce yana haɗa tafiya: mota, izini, mai rakiya da abinci, duka jika arba'in. Na biya tun kafin in ga motar, wannan laifina ne. A Dakoro ya danƙa mu ga wani direba da bai ma san an yi ciniki da sunansa ba, ya ce zai je ya karɓo takardar izini, ya sha kwana, wayarsa ta mutu har yau. Sai da muka sake haɗa kuɗi muka biya direban, hotunan kuma daga baya na gane na Kure ne. Duk wanda ya ce maka zai kai ka Gadabeji, ka ce ya fara raka ka ofishin gandun daji ku ji daga bakinsu, kuma kada sisinka ya fita sai ka ga mota da direbanta. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba.

A Madarunfa ma akwai ƙananan irinsu, sai dai cutarsu ba ta kai ta hana barci. A tasha, idan ɗan kamasho ya rantse maka saura mutum ɗaya mota ta tashi, ka duba ko waɗanda ke zaune a ciki suna da kaya, domin wasu zaman jan fasinja suke yi, da ka biya sai su sulale ɗaya bayan ɗaya. Ka tambayi fasinja biyu nawa suka biya kafin ka ciro naka. A bakin ruwa, idan wani ya tare ka da zancen kuɗin shiga, ka nemi takarda mai hatimi, in babu ka yi masa sallama ka wuce. Kifin da za ka kawo wa iyali kuma ka saya daga jirgin da ka ga isowarsa. Wanda ke cikin kwano ana yayyafa masa ruwa, ka buɗe kunnensa, in cikin bai yi ja ba na jiya ne.

Game da takalmi, dattijon nan ya yi gaskiya. Waɗanda ya yi wa dariya wasu manyan takalman fata ne masu wuya da na saya a wurin ƴan bosho, mai sayarwa yana ta rantsuwa cewa na hawan dutse ne daga Turai. Tun kafin azahar suka saɓule mini fatar dunduniya, a mako na biyu kuma tafin ɗaya ya ɓalle, ashe da gam aka liƙa shi. Yanzu kambas mara nauyi nake sawa da safa mai kauri, shekararsa huɗu ke nan, kuma ya ishe ka, domin ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, yashi da laka da ƙaya ne kawai abokan gabarka. Ka ɗauki ruwan sha aƙalla lita biyu, da hula mai faɗi, da katin shaidarka saboda shingayen jami'an tsaro. Kada sanyin ruwan ya ruɗe ka ka shiga wanka ko ka tsallaka da ƙafa a inda yake kwance, domin a irin wannan ruwa ne ake ɗaukar tsargiya. Inda ruwa ya janye mutane suna noman rani, don haka ka bi kan iyakar fangali, ka yi sallama ga mai lambu kafin ka ratsa.

Abu na ƙarshe shi ne tsaro, kuma ba na wasa da shi. Kai ma kana jin labarin ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane a ƙauyukan bakin iyaka, wajen Gabi da dajin Baban Rafi. Ka tsaya a garin Madarunfa da kewayen tafki, kada sha'awar daji ta ja ka kudu, kada ka tafi kai kaɗai, kuma ka tambayi direba halin da ake ciki tun a tasha, domin su ne suke fara jin komai. Ka sa a ranka cewa kiran sallar la'asar zai same ka a cikin motar dawowa, saboda da yamma motoci suna ƙaranci, kuɗin kuma yana hawa.

Ka zaɓi wata Asabar cikin Disamba ko Janairu. Idan ka tsayar da rana ka sanar a nan kwana biyu kafin lokacin, in Allah ya yarda zan same ka a tasha bayan asuba, in nuna maka gawon da dattijon yake zama.