Kwalin Arduino Uno na masu koyo: allon ya yi, sensar zafin ba ta Sakkwato ba ce

Kwalin nan da ɗaliban injiniya na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Umaru Ali Shinkafi ke yawan saye don aikin kammala karatu yana zuwa da allon Uno (ƙaramar kwamfutar da ake rubuta wa umarni don sarrafa na'urori), allon gwaji mai ramuka, wayoyi, allon rubutu mai layi 2, rile guda (makunnin da allon ke kunnawa da kashewa), da sensar zafi da laima DHT11. Ga mai son auna zafin ɗakin kaji ko rumbun albasa, ya isa a fara. Bai isa a dogara da shi ba.

Allon Uno kansa babu abin kushewa. Ƙwaƙwalwarsa ATmega328P ce mai gudun 16MHz, da ƙafafu 14 na dijital da 6 na analog. Galibin na kasuwa kwaikwayo ne masu ɗauke da CH340, ɗan guntun da ke haɗa allon da kwamfuta, don haka idan kwamfuta ta ƙi ganinsa, ba lalacewa ya yi ba, manhajar direban CH340 za a saka a kwamfutar. Allon rubutun ma haka: wayar SDA a ƙafar A4 ta Uno, ta SCL a A5, in ya fito wayam a juya ɗan shuɗin maɓallin da ke bayansa, sannan a gwada adireshin 0x27 ko 0x3F.

Matsalar tana wurin DHT11. Iyakarta digiri 50, kuma tana iya kuskuren digiri 2 sama ko ƙasa. A Afrilu, lokacin da inuwa ma ke wuce digiri 40, ƙarƙashin rufin kwano yana kai ta bakin iyaka. Digiri 2 kuwa ba wasa ba ne ga mai kyankyasar ƙwai, wanda ke neman 37.5 daidai. Ta fuskar laima abin ya fi muni: ba ta karanta ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, alhali iskar hunturu a nan takan sauka ƙasa da haka da rana. Sai lamba ta tsaya cik, ɗalibi ya kwana yana binciken umarnin da ya rubuta wa allon, laifin kuwa ba nasa ba ne.

A cire ta a sa DHT22. Tana kaiwa digiri 80, kuskurenta rabin digiri, tana karanta laima daga 0 zuwa 100. Ƙafa ta farko zuwa 5V, ta biyu zuwa ƙafa ta 2 ta allon Uno, ta huɗu zuwa GND, ta uku a bar ta. A sa rizista 10k tsakanin ta farko da ta biyu, sai dai in mai ƙafa uku ce da aka riga aka liƙa mata. Kada a tambaye ta fiye da sau ɗaya a daƙiƙa 2, in ba haka ba tsohon karatu za ta maimaita ko ta ba da “nan” (NaN na Turanci, wato babu lamba). Wanda zafi kaɗai ya dama, DS18B20 mai rigar ƙarfe da rizista 4.7k ta fi jure ƙura da ruwa.

Sai wuta. Batir 9V ɗin da ake haɗawa da kwalin ba ya kai ko'ina. Mutane sukan jona allon kai tsaye da batirin sola, suna cewa ai 12V ne. Yayin caji yana haura 14V, allon kuwa 5V yake buƙata, kuma ragowar 9V ɗin zafi take zama a jikin ƙaramin regiletan allon, mai rage ƙarfin wuta. Da allon rubutu da rile a kai, kusan wat guda ke nan ko fiye, a garin da iska ba ta sanyaya komai. Allon zai riƙa mutuwa yana tashi. Maganin shi ne LM2596, ɗan allon da ke rage ƙarfin wuta ba tare da yawan zafi ba: a daidaita shi a 5V da mita tun kafin a jona, a shigar ta ƙafar 5V.

Allon gwaji mai ramuka na tebur ne kawai. Ƙurar hunturu na shiga ramukan, haɗi ya saki. Aikin da zai zauna a gona a liƙa shi da dalma, a sa a akwatin roba, sensa a waje cikin inuwa.

Masu tambaya ko su tsallake zuwa FPGA (guntun da mutum ke tsara da'irar cikinsa da kansa) irin Tang Nano 9K: wannan aikin bai buƙace shi ba, kuma ƙafafunsa ba sa ɗaukar 5V. A sayi kwalin, amma tun a shago a ƙara kuɗin DHT22 da LM2596 a lissafi.