Wata bakwai ina aiki da Everything, lojisiyel na neman fishiye cikin kwamfuta, a shago, ga yadda na same shi

Ni dai ba injiniya ba ne, ɗan shagon saizi da fotokopi gare ni nan Maradi, mafi yawan masu zuwa wurina ƴan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ne da masu haɗa dosiyen konkur, sai ƴan kasuwa masu son a buga musu faktir. Kwamfutar da nike aiki da ita tsohuwar HP ce ta tebur, okaziyo na saye ta, RAM giga 4, Windows 10, in ka kunna ta kana iya zuwa ka sayo shayi ka dawo kafin ta gama shiri. Da har na fara tara kuɗin sabuwa, ashe rabin ciwon ba nata ba ne, nawa ne.

Abun da ya sa na gane haka wata yarinya ce da ta zo da yamma ana gobe sutnans ɗinta, ta ce babban yaya don Allah memuwar ɗina da ka buga mini wata uku da sunka wuce, shafi guda malamina ya ce a gyara. Kile ɗinta ya ɓace, ni kaɗai ke da kwafi. Na buɗe Documents na ga memoire final, memoire final 2, final vrai, final corrigé, Nouveau document har wajen goma sha, wasu na kan ekran wasu na cikin dosiyen da na sa wa suna "divers" wanda ni kaina tsoron buɗe shi nike. Tana tsaye tana duba agogo, ni ina ta zufa, mutum uku na jiran fotokopi, sai da anka kira magariba sannan na gano shi cikin Téléchargements. Wallahi ranar na ji kunya.

Wani abokina mai gyaran kwamfuta wajen babbar kasuwa shi ya zuba mini Everything, ya ce gwada wanga ka bar wahalar da kanka. Kyauta ne, daga shafin voidtools ake ɗauko shi, wani mai suna David Carpenter ya yi shi, kuma nauyinshi bai fi mega biyu zuwa uku ba, ko da forfe na dala ashirin ka sauke shi. Akwai faransanci ciki. Da ka buɗe taga guda ce kawai da layin rubutu a sama, babu ado babu talla, ka fara rubuta sunan fishiye kafin ka kai harafi na huɗu ya jero maka duk abun da ke da wannan sunan a cikin mashin ɗin. Ranar farko na ɗauka wasa ne, na riƙa rubuta sunayen tsofaffin kastomomi ina dariya ni kaɗai, har takardar gayyatar biki ta 2019 ta fito.

Na tambayi abokin nawa me ya sa shike da sauri haka a kan wannan tsohuwar, ya ce ai ba ya bin dosiye ɗaya bayan ɗaya, diski mai tsarin NTFS shina da wani babban rajista da ke riƙe da sunan kowane fishiye, shi wannan rajistar yake karantawa kai tsaye ya riƙe, in an ƙara ko an goge wani abu ya gyara lissafinshi nan take. Kamar ka je gidan biki neman mutum, maimakon ka bi ɗaki ɗaki sai ka tambayi tsohuwar da ke zaune a zaure.

Ƴan dabarun da na fi amfani da su ba su da yawa. In na rubuta kalma biyu da fili tsakani, misali memoire agro, sai ya kawo waɗanda ke ɗauke da duka biyun. In PDF kawai nike so sai in ƙara ext:pdf. Wanda ya fi ceto na shi ne dm:today, duk abun da anka taɓa yau shi zai fito, don sau nawa nike ajiye aiki cikin gaggawa ban duba inda ya faɗa ba. Da size:>500mb kuma na gano bidiyoyin da ɗan ƙanwata ya cika mini diski da su ya ɓoye cikin wani dosiye mai suna "cours".

To amma kada in yi ta yabo kamar an biya ni. Suna yake nema, ba abun da ke rubuce a ciki ba. Akwai content: da ke leƙa cikin takardu amma a kan mashin irin tawa sai ka yi haƙuri sosai, ni na bar shi. Ma'ana in ka sa wa aiki suna Document1, Everything ba boka ba ne, ba zai san na wane ne ba. Dole ta sa na canza hali, yanzu kowane aiki sunan mai shi, irin aikin, sai wata da shekara. Na biyu, kile da yawa tsarin FAT32 ko exFAT gare su, ba ya ganinsu da kanshi sai ka shiga Options ka ƙara su a jerin dosiyen da zai riƙa dubawa.

Na uku shi ne wanda ya kusa sa ni hawan jini, kuma laifinmu ne. Yaron nan ɗan ƙanwata da ke taya ni aiki ya nemi wani CV, jerin ya fito da yawa, shi a tunaninshi share allo yake, ya zaɓe su duka ya danna Suppr. Na dawo daga sallar la'asar ya ce kawu na gyara maka wurin. Na ce wane wuri? CV sama da arba'in na mutane. Allah ya taimake mu bai haɗa da Shift ba, wanda ke gogewa gaba ɗaya, duk suna cikin Corbeille, munka maido su. Abun da ka gani a tagar nan shi ne ainihin fishiyen, ka goge ka goge. Kuma tunda komi yake tonowa, takardun mutane, hotunan katin ɗan ƙasa, diplom, na shiga Exclure na cire dosiyen da bai kamata duk wanda ya zauna ya gani ba.

Tunda ana maganar sauƙin aiki bari in ƙara abu guda da ba sai ka sauke komi ba, maɓallan Windows da V na kilabiye. Ka danna su tare ka kunna shi sau ɗaya, daga nan shina riƙe maka abubuwa har 25 na ƙarshe da ka kwafa, ba guda ɗaya ba. In an kashe mashin suna tafiya, sai waɗanda ka maƙala da ɗan alamar fil. Ni na maƙala kan takardar nan na République du Niger da Fraternité Travail Progrès da kullum sai an buga, sannan ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, don kilabiyenmu AZERTY ne babu su, da can in malaman makarantun Hausa sunka kawo aiki sai in yi ta yawo cikin Symboles harafi harafi.

PDF24 ma ina yi da shi wajen haɗa takardun konkur su zama fishiye guda da rage musu nauyi in an ce kada su wuce mega kaza, shina aiki ba intanet, sai dai sauke shi ɗaruruwan mega ne, ni wurin abokina na kwafo a kile. 7-Zip kuma na nan tun farko, rar ko zip duk shina buɗewa, ba ya tambayar ko dala.

Su Ctrl da S na ajiye aiki kam ba sai na faɗa ba, duk wanda ya taɓa buga shafi takwas lokacin zafi wuta ta ɗauke ya san darajarsu, hannuna har da kanshi yake danna su yanzu. Kuɗin da na tara na sabuwar kwamfuta na cire jikka kaɗan na canza batirin ondilar, saura na nan ajiye don an daina yi wa Windows 10 gyaran tsaro na kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025, canji na nan tafe ko ina so ko ba na so. Kafin nan dai na ɗora wa yaron aiki, kullum kafin mu rufe ya buɗe Nouveau document ashirin ya duba na wane ne ya sa musu suna, jiya da na duba saura ɗari uku da wani abu.